Makulli nawa ne a waje da ke buɗe ƙofarka? (Zare)

1/
Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Maganar makullin ƙofa ce. In ka kama haya, ko kin tare a sabon gida, ko makullinka ya faɗi a adaidaita, ko kun rabu da wani da ke riƙe da makullin gidan, wannan zaren naku ne. 🧵

2/
Bari in faɗi matsayata tun yanzu, kada a ce ina kewaye-kewaye. Makullin da dillali ya miƙa maka bai kamata ya kwana yana buɗe ƙofarka ba. Amma a yawancin ƙofofin yanzu ba sai an ɓalle kubar gaba ɗaya ba. Akwai ɗan abu guda a cikinta da za a zare a sa wani, shi ke nan. Za mu zo kansa.

3/
Mu fara da lissafi. Sabuwar kuba tana zuwa da makulli 3, wasu 5 ko 6. An ba ka 2. Ina sauran? Ka tambayi dillali, ya ce "ai su ke nan". Ka tambayi mai gida, ya ce "wanda ya tashi haka ya kawo min".

4/
Wanda ya tashin nan fa ya yi shekara 4 a gidan. Matarsa tana da ɗaya. Ƙaninsa da ya zo bautar ƙasa an yanka masa ɗaya. Yarinyar da ke musu aiki ta riƙe ɗaya wata shida. Da suka tashi, mai fenti ya kwana uku da makulli a aljihu, mai famfo ya karɓa, yaron dillali ya zaga da mutum goma suna duba gida.

5/
Ban ce ɓarayi ba ne. Wallahi akasarinsu mutanen kirki ne. Amma makulli ba ya zama wuri ɗaya. Ana mantawa da shi a kan benci, ana ba aboki aro, ana jefa shi a durowa a manta. Kuma yanka irinsa a kasuwa aikin 'yan mintoci ne, mai yankan ba zai ce ka nuna masa takardar gida ba.

6/
Abin da ya fi tayar min da hankali game da satar da aka yi da makulli shi ne ba ta barin sawu. In an fasa ƙofa, kowa ya san daga waje aka zo. Amma ka dawo ka tarar da ƙofa a kulle yadda ka bar ta, sarƙar gwal ta madam babu, kwamfuta babu. Wa za a zarga?

7/
Na cikin gida mana. 'Yar aiki, ƙanin miji, almajirin da ke ɗebo ruwa, wani lokacin ma ita matar gidan. Na san gidan da zumunci ya lalace a kan irin wannan. An yi rantse-rantse, an kai yarinya caji ofis, an yi shekara ba a gaisawa. A duk rigimar nan ba wanda ya tsaya ya tambaya: wai makulli nawa ne a waje?

8/
To, hanyoyi uku ne a gabanka, kuma mutane suna cakuɗa su. Ko a sauya tsarin cikin kubar yadda tsohon makulli zai daina aiki, ko a canza silinda kaɗai, ko a cire komai a sa sabo. Kafin ka zaɓa, sai ka san abin da ke faruwa a ciki lokacin da ka murɗa makulli.

9/
Ɗauki makullinka, irin shafaffen nan mai haƙora a gefe ɗaya. Inda kake zura shi sunansa silinda, shi ne zuciyar kubar. A cikinsa akwai 'yan ƙusoshi mitsi-mitsi guda 5 ko 6 a jere, kowace ta rabu biyu, ta sama da ta ƙasa, da ɗan sifirin yana danne ta. Tsawon na ƙasan ya bambanta.

10/
Haƙoran makullin suna ɗaga kowace ƙusa har wurin rabuwarta ya zo layi ɗaya da na sauran. Suna zuwa layi, silinda ya juya, ƙofa ta buɗu. Guda ɗaya ta kauce ko da kaɗan ne, ba zai motsa ba. Wato duk sirrin gidanka tsawon ƙusoshi biyar ne, kuma a rubuce yake a jikin haƙoran makullin.

11/
Dabarar tsohuwa ce, Masarawan da sun yi irinta da itace. Wadda muke amfani da ita yau kuwa wani Ba'amurke ne, Linus Yale ƙarami, ya yi mata rajista a 1861 da 1865. Sunan Yale da kuke gani a jikin kwaɗo nasa ne. Sama da shekara 150 ke nan ana kan tsari ɗaya.

12/
Hanya ta farko ke nan: mai gyara ya buɗe silinda, ya zubar da ƙusoshin ƙasa, ya jera wasu masu tsawo daban, ya yanka sabon makulli da ya dace da su. Kuba tana nan, hannun ƙofa yana nan, tsohon makulli ya zama ƙarfen banza. A Amurka wannan shi ne abin da aka saba. Har kamfanin Kwikset ya yi wata kuba, SmartKey, da mai gida zai sauya da kansa da ɗan tsinken ƙarfe.

13/
Shi ya sa in ka bincika a intanet, kusan kowa ce maka zai yi a sauya ƙusoshi kawai, ya fi arha. Gaskiyarsu, a can. Suna da masu sana'ar da ke yawo da akwatin ƙusoshi na kowane kamfani, an jera su lamba-lamba.

14/
A nan fa? A iya yawona, mai makullin bakin kasuwa injin yanka yake da shi da magagari. In ka ce ya sauya cikin silinda, abin da zai yi shi ne ya musanya wa tsofaffin ƙusoshin wuri, ko ya goge wasu, ko ya cire biyu ya yar don aiki ya yi sauri. Na ukun nan shi ne masifa: kubarka mai ƙusa biyar ta koma mai uku, kai kuma ba ka gani.

15/
Ba raina sana'arsu nake ba, akwai gwanaye na gaske a cikinsu. In kana da silinda mai tsada na asali, ko makaranta ce ko ofis mai ƙofa 20 da ake so makulli ɗaya ya buɗe, nemi gwani ya sauya ciki, ya cancanta. Amma ɗaki biyu da falo da kubar da mai gida ya saya da sari? Kuɗin aikin da na abin hawa sun kusa sayen sabon silinda.

16/
Don haka ni hanya ta biyu nake ba mutane shawara. Buɗe ƙofarka ka dubi gefenta, inda harshen kuba ke fitowa. In ramin makullin yana cikin wani ƙarfe mai kai zagaye da dogon jiki a ƙasa, wanda ya ratsa ƙofar ya ɓullo ciki da waje, to kana da silinda irin na Turai. Sukuru ɗaya tal ke riƙe da shi.

17/
Sukurun yana gefen ƙofar, saitin ƙasan silindan, dogo ne. Ka kwance shi da sukundireba. Ka zura makulli, ka ɗan murɗa kaɗan kana jawowa a hankali. Akwai ɗan harshe a tsakiyar silindan, yana daidaita da jikinsa zai zaro sumul. Ka zura sabo haka nan, ka mayar da sukuru. Minti biyar, ba kafinta, ba mai walda.

18/
'Yan uwa mata, ku ma za ku iya, ba aikin ƙarfi ba ne. Kuma riba ce ki yi da kanki: ba wani baƙo da ya san gidan kuma ya taɓa sabon makullin.

19/
Wurin da ake kuskure shi ne awo. Silinda ba tsawo ɗaya ba ne. Ana aunawa daga tsakiyar ramin sukuru zuwa kowane baki, shi ya sa za ka ga an rubuta 30/30, ko 35/35, ko 30/40, duk a milimita. Mafi sauƙi, ka zare tsohon ka tafi da shi kasuwa, wani ya zauna a gida kafin ka dawo.

20/
Kada ka yarda da wanda ya fi ƙofar tsawo don "ai zai shiga". Zai shiga ɗin. Amma in ya leƙo waje fiye da milimita 3, ka ba ɓarawo wurin kamawa. Irin wannan silindan yana da rauni a tsakiya, wurin ramin sukuru, a nan ake karya shi. A Ingila abin ya yi yawa har suka fito da ma'auni na musamman, TS007, mai tauraro uku, don silindan da ba ya karyuwa ta nan.

21/
Ba lallai ka sami mai tauraro uku a kowane shago ba. Amma a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko wurin masu kayan gini na garinku, in ka ce a ba ka mai kyau, za a shiga ciki a ɗauko. Ka ɗaga ka ji nauyi. Na tagulla yana da nauyi, na bogi kamar leda. Ka ƙirga haƙora, shida ya fi biyar. Kuma makullan su zo a ledarsu a liƙe, kai za ka farke.

22/
Me ya sa shida ya fi biyar? In kowace ƙusa tana iya ɗaukar tsawo iri 10, ƙusa biyar za ta ba da makulli iri 100,000 a takarda, shida kuma miliyan ɗaya. A takarda na ce. Masana'antar da ke buga na arha ba ta wahalar da kanta, 'yan tsiraru take maimaitawa. Shi ya sa wani lokacin makullin maƙwabci yake buɗe kwaɗonka, ku yi ta dariya. Ba abin dariya ba ne fa.

23/
Yanzu hanya ta uku, cire komai. Yaushe ta zama dole? In an taɓa fasa ƙofar. In harshen kuba ya gaji yana komawa da ɗan turi. In hannu yana lilo, ƙarfen ciki ya ci tsatsa. Sabon silinda a ruɓaɓɓiyar kuba kamar sabon rawani ne a kan yagaggiyar riga.

24/
Sai kuma babbar: in makullinka irin na da ne, mai dogon wuya da 'yar tuta a baki, wanda ake leƙen ɗaki ta raminsa. Wannan ba shi da silindan da za a zare. Wasu faifan ƙarfe ne a ciki, kuma na arhar guda 2 ko 3 kawai gare su. Ire-iren makullansu kaɗan ne, har lamba ake buga musu a jiki, ana sayar da su a yanke. Wanda ya ga lambar ya gama.

25/
Irin wannan don ƙofar banɗaki da ɗakin ajiya aka yi shi. A Birtaniya, ma'aunin BS 3621 na ƙofar waje bai yarda da ƙasa da faifai 5 ba, da makulli iri 1,000 aƙalla. Mu kuma mai faifai biyu muke sa wa ƙofar da duk abin da muka mallaka ke bayanta. In shi ne a ƙofarka ta waje, kada ka tsaya neman gyara, cire shi.

26/
Kafin ka yanke wa kuba hukuncin kisa, yi wannan gwajin. Buɗe ƙofar, ka murɗa makulli tana buɗe. In ya juya sumul amma yana cijewa in an rufe, kubar lafiyarta ƙalau. Ƙofar ce ta sauka, ko katako ya kumbura da damina, harshe ba ya samun raminsa. Aikin hinji ne da ɗan gyaran rami. Mutane nawa suka sayi sabuwar kuba a kan wannan?

27/
In kuma a buɗen ma yana cijewa, sau da yawa ƙurar hunturu ce. Don Allah a daina ɗura man gyaɗa ko baƙin mai a ramin makulli. Ranar farko zai yi laushi, bayan sati biyu mai da ƙura sun zama ƙulli a kan sifirin. Ka goga bakin fensir a haƙoran makullin, ka zura ka zare sau da yawa.

28/
Kuma in za ka yanka ƙari, kai na asali. Kwafin kwafin kwafi kamar hoton da aka yi ta turawa a WhatsApp ne, kowane zagaye yana ƙara dushewa, har ya zo yana cinye ƙusoshin.

29/
Masu tarewa a sabon gini, ga taku. Ƙofofin ƙarfe da yawa da ake kawowa daga China suna zuwa da makulli kashi biyu: ɗaya ko biyu na ma'aikata, sai sauran a leda a liƙe, na mai gida. Ranar da mai gida ya zura nasa ya murɗa, na ma'aikatan ya daina aiki. Dabara mai kyau ƙwarai.

30/
Amma tana aiki ne kawai in ledar ta iso hannunka a liƙe. In ɗan kwangila ya farke ta tun ana filasta ya raba wa yara, an rusa dabarar. An kawo maka makullai a zube a ƙulle da waya? Ɗauka cewa kowa yana da su, canza silinda.

31/
Yanzu mu zo kanmu, mu 'yan soshiyal midiya. "Alhamdulillah, sabon gida", hoto: hannu riƙe da makulli, haƙora suna ƙyalli, an ɗauka da kyamara mai kyau. Allah ya sanya alheri. Amma ka tuna na ce sirrin a rubuce yake a jikin haƙoran? To ka wallafa shi.

32/
Ba tatsuniya ba ce. A 2008, masu bincike a Jami'ar California da ke San Diego suka nuna manhajar da suka kira Sneakey. Sun ɗauki hoton makullai a kan tebur daga saman bene, tazarar kusan mita 60, suka karanta haƙoran, suka yanka, kuma ya buɗe. Da kyamarar 2008 fa. Ka dubi wayar da ke hannunka.

33/
Hukumar tsaron filayen jirgin sama ta Amurka ma ta sha wannan. Jaridar Washington Post ta buga hoton makullanta na musamman masu buɗe akwatunan matafiya a 2014. Zuwa 2015 mutane sun zana su daga hoton, sun sa a intanet, kowa yana bugawa da injin 3D. In za ka yi hoton murna, dunƙule haƙoran a tafin hannunka. In ka riga ka sa, ka san abin yi.

34/
Makulli ya ɓata, dole ne a canza? Ni ina duba tare da me ya ɓata. Ya faɗi a Legas kana zaune a Gusau, ba komai a jikinsa, yanka wani ka huta. Amma an fizge jaka da makulli da katin shaida da rasit ɗin wuta mai adireshi a ciki? Yau ɗin nan, kafin magariba. Haka in a unguwa ya ɓata, ko a gidan biki, ko a majalisa.

35/
Duk wannan bayanin ƙarfe ne, mai sauƙi. Abin da ke hana mu canza makulli a gaskiya ba kuɗi ba ne. Kunya ce.

36/
"Me baba mai gida zai ce?" "Yaya zai ga kamar ban yarda da shi ba." "Yarinyar nan shekara uku tana mana aiki, tana tafiya sai mu canza, ai cin fuska ne." Na fahimta, ni ma a cikin al'adar nan na tashi. Amma ku duba wa kunyar take karewa.

37/
Ita yarinyar da ta bar aiki, in ba ka canza ba, duk abin da ya ɓata nan da shekara biyu sunanta za a fara kira. In ka canza, ka wanke ta. Mai gadin da ya koma garinsu haka. Tsohon ɗan haya haka. Canza silinda ya fi zama rufin asiri a gare su fiye da kai, don su ne ba su da bakin kare kansu in an zo zargi.

38/
Dabarar ita ce ka mayar da shi ƙa'ida tun kafin a yi rigima. Duk wanda ya riƙe makulli ya tafi, ana canzawa, ko ɗan gida ne ko bare, ko an rabu lafiya ko da faɗa. In kowa ya san haka gidan yake, ba wanda zai ji an ware shi. Wanda ke cizo shi ne canjin da aka yi washegarin gardama.

39/
Batun mai gida: ka karanta yarjejeniyar haya, wasu sun hana taɓa komai sai da izini. Nan ma silinda ya fi. Ba ka huda ƙofa ba, ba ka fasa bango ba. Ka je ka same shi da ladabi: "Baba, zan sa nawa silindan, naka yana ajiye, ranar da zan tashi in mayar." Na gwada wannan a gida biyu, ba wanda ya musa.

40/
In ya ce lallai sai ya riƙe ɗaya saboda gobara ko fashewar famfo, hujjarsa ba ta banza ba ce. Ni abin da nake yi, in sa a ambulan in liƙe, in sa hannu a kan bakin. Buƙata ta taso, ya farke ya faɗa min. Amma mai gidan da ke son shiga ɗakinka ba sallama don "ai gidana ne", kuma kana da iyali a ciki? Wannan sai ka fara neman wani gida.

41/
Iyaka dai tana nan. Canza makulli kariya ce daga wanda ba shi da haƙƙin shiga. Ba makami ba ne a kan wanda yake da haƙƙi. Mai gidan da ya garƙame wa ɗan haya ƙofa saboda bashin haya, dokar ƙasa ba ta ba shi wannan ba, sai ya ba da notis ya bi ta kotu.

42/
Kuma mijin da ya furta saki da safe, da yamma ya kira kafinta ya canza kuba matar tana gidan maƙwabta? Malam, a saki na kome iddarta a ɗakinta take yi, Suratuɗ Ɗalaƙ da wannan ta buɗe. Ka tambayi malaminku. Ba wannan zaren ya aike ka ba.

43/
Wata tambaya da ake yawan yi: a haɗa duk ƙofofi a makulli ɗaya? Ana sayar da silinda saiti-saiti masu makulli ɗaya, kuma akwai daɗi, ba ka yawo da tarin ƙarfe kamar mai gadin kasuwa. Ni dai ba na haɗa get da ƙofar falo da ɗakin kwana. Get kowa ke riƙewa: mai gadi, direba, yaran gida. Ya tsaya shi kaɗai.

44/
Masu kwaɗo, ban manta da ku ba, don ku ne mafiya yawa. Ɗalibai, masu shago, masu ɗaki ɗaya a gidan haya. Naku ba wata muhawara: kwaɗon da ka tarar, cire ka sa naka. Amma ka dubi abin da ke riƙe da shi. Kwaɗo mai tsada a kan ƙarfen da ƙusa huɗu ke riƙewa a ruɓaɓɓen katako, ba wanda zai taɓa kwaɗon. Maƙalin zai ɓanɓare.

45/
Haka ma kuba. Ɓarawon unguwa ba ya zama yana tsinke-tsinke kamar a fim. Ko yana da makulli, ko ya zo da ƙarfe ya ɓalle. Silinda yana maganin na farko. Na biyu sai ƙofa mai ƙwari, firam da aka dasa sosai a bango, da sakata ta ciki. In kuɗinka kaɗan ne, gara silinda matsakaici da gyaran firam a kan kuba mai tsadar gaske a ƙofar kwali.

46/
Masu kubar zamani ta yatsa da lamba, ku naku canjin a daƙiƙa ne, goge lamba ku sa wata. Amma kun goge ta wanda ya ɗaura muku? Kun canza lambar da ta zo da ita daga kamfani? Kuma kusan dukkansu suna da ramin makulli a ɓoye saboda mutuwar batir. Waɗannan makullan guda nawa ne, suna hannun wa?

47/
Abu ɗaya da nake roƙo in za ku sayi sabon silinda: ku tuna da fita, ba shiga kaɗai ba. Tagoginmu duk ƙarfe ne. Wuta ta tashi ƙarfe biyun dare a hunturu, NEPA sun ɗauke, hayaƙi ya cika falo, kana laluben makulli a aljihun wandon jiya. Ƙofar da ka kashe kuɗi don ta hana ɓarawo, kai take hanawa.

48/
Akwai silinda mai makulli ta waje, ta ciki kuma ɗan maɓalli ne da ake murɗawa da yatsa. Kwance shi da ɗaura shi duk ɗaya ne da wancan. Yaro ɗan shekara bakwai zai buɗe a duhu. Sharaɗinsa, kada a sami taga ko gilashi kusa da ƙofar da hannu zai zuro ya kai gare shi.

49/
In akwai tagar, sa mai makulli ciki da waje, amma a kafa ƙusa a bango nesa da ita, makulli ɗaya ya zauna nan dindindin, kowa a gidan ya san wurin har yara. Kuma kulle yara ta waje da kwaɗo a tafi unguwa, wannan kam a bari, don girman Allah.

50/
Ga wata da ba kowa ya sani ba, musamman masu tsofaffi da ke kwana su kaɗai. A silinda na gama-gari, in an bar makulli a jiki ta ciki an ɗan murɗa shi, naka na waje ba zai buɗe ba. Hajiya ta kulle ta bar makulli a jiki, ta zame a banɗaki, kana tsaye a waje da makulli a hannu ba shi da amfani. Ɗakinta ya fi kowane buƙatar mai maɓallin nan, ko kuma irin wanda aka ƙera don ya buɗu ta waje ko da makulli a ciki. Ka tambaya a shago, ka sa a gwada maka a gabanka kafin ka biya.

51/
Tsohon silindan da ka zare kuma, sa shi a leda tare da makullansa da dogon sukurunsa, ka rubuta ƙofar da ya fito. Ranar tashi ka mayar wa mai gida nasa, ka zare naka ka tafi da shi. In awon ƙofar sabon gidan ya zo ɗaya, ko kasuwa ba sai ka je ba.